Wa Ya Buɗe Akwatin Umma?

Ranar da Auta ta fara ganinsa, rungume take da akwatin ajiyar hotuna da bidiyo kamar mai ɗauke da jariri marar lafiya. Shagon gyaran kwamfutar yana hawa na biyu, kusa da mai sayar da tabarau: ɗaki ɗaya, dogon teburi da fanka mai ƙara. Mai gyaran ya ɗago, ya kalli akwatin kafin ya kalle ta. Hakan ya ɗan sosa mata rai, ko da yake ba don a kalle ta ta zo ba.

"Na gidanmu ne," ta ce. "Ƙarƙashin talabijin yake zama, duk wayoyinmu da shi suke haɗe. Yau kwana uku jar fitila kawai yake nunawa. Bidiyoyin Ummana suna ciki, shekararta biyu da rasuwa. Babu su a ko'ina sai nan."

"Allah Ya ji ƙanta." Ya juya akwatin a hankali, idonsa ya tsaya a kan kusoshin baya. "Wa ya buɗe shi?"

"Babu wanda ya taɓa shi."

Ya sake duban kusoshin, ya ce, "To."

Ya zaro faifai huɗu, ya rubuta wa kowanne lamba. Ya ce tare suke raba kayan, in ɗaya ya mutu ukun za su riƙe. Zai kwafe kowanne tukuna, a kan kwafin zai yi aiki.

"Kuma ba na buɗe kayan kowa. In na gama, ke za ki buɗe da hannunki."

Auta malamar makaranta ce, ta daɗe da daina yarda da wanda ya wanke kansa kafin a tuhume shi. Ta ba shi lambarta tana hararar teburin.

Kullum da yamma saƙonsa yake shigowa.

"Mai Akwati, faifai na biyu ya kwafu lafiya. Na uku yana jan ƙafa amma yana tafiya. Kin ci abinci?"

"Injiniya, abincin nawa ma yana cikin aikin ne?"

"Yana cikin aikin da nake nema in an gama wannan."

Ta karanta sau huɗu, ta kife wayar, ta sake ɗauka. Kafin sati uku ya cika, Injiniya ya koma Injiniyana, kuma ta gane ba labarin faifai kaɗai take jira ba. Son shi take yi, ba ta da yadda za ta yi.

Ranar da ya zo gaida Abba, nan aka samu cikas. Abba mutum ne mai fara'a, ko mai karanta mita sai ya sa an kawo masa ruwa. Amma da ya ji wannan ne mai gyaran akwatin, sai ya ɗaure fuska, ya amsa gaisuwa da kai.

"Mutumin da asirin gidajen mutane ke zube a teburinsa," in ji Abba bayan ya tafi, "ba zan ba shi 'yata ba."

Yaya ya samu abin da yake so. Ɗan wan Abba ne, shi ya sayo akwatin ya haɗa shi, kuma ya daɗe yana zagayen Auta da sunan zumunci.

"Ƙanwata, buɗe idonki," ya ce. "Aikin kwana uku ya kai wata guda? Ko dai ya zauna yana kallon hotunanki, ko ya lalata kayan yana rufe ki da daɗin baki."

Ta ce masa ya gyara maganarsa. Amma maganar ta riga ta shiga.

Washegari ta je shagon, ta ja kujera ta zauna.

"Injiniya, me ya kashe akwatin?"

"Faifai ɗaya ya mutu."

"Kai ka ce in ɗaya ya mutu ukun za su riƙe."

Ya ɗauki ƙaramin buroshi ya fara share teburin da ba shi da ƙura. "Haka na ce."

"To me ya hana su?"

"Mai Akwati, bar ni in gama. Kayan sun tarwatse, tsinto su nake yi ɗaya bayan ɗaya."

Ta sha jinin jikinta. Mutumin da zai yi rabin awa yana mata bayanin yadda faifai ke juyawa, yau bakinsa ya yi nauyi.

Bayan kwana biyu ta taso daga makaranta da wuri, ta biya ta shagon, sai ga Abba yana saukowa daga benen. Ta laɓe bayan allon mai tabarau har ya wuce. Sannan ta hau sama.

"Me Abba ya zo yi?"

"Magana muka yi."

"Ta me?"

"Shi ya kamata ya gaya miki."

Ta juya ta sauko. A hanya ta rubuta masa:

"Gobe zan zo in ɗauki kayana, sun gyaru ko ba su gyaru ba. Na ba ka muryar mahaifiyata, kana ɓoye mini magana."

Amsa ta zo nan take.

"Kayanki ne, ranki ya daɗe. Amma in wani ya kunna shi yanzu, abin da ya rage zai tafi. Ki ba ni kwana biyu, bayan nan ki tsane ni a nutse."

Ta yi kuka, ta yi fushi da kanta don ta yi kukan. Amma ta bar masa kwana biyun.

Ranar Asabar da hantsi ya kawo komai falonsu. Abba na kujerarsa, Yaya na tsaye jikin ƙofa ya harɗe hannu. Injiniya ya haɗa wayoyi, ya miƙa wa Auta rimot, ya koma gefe ya sunkuyar da kai.

Ta danna. Umma ta fito a kicin da ludayi a hannu, tana dariya tana cewa a kawar mata da wayar nan daga fuska. Auta ta toshe baki da gyalenta.

"Akwai bidiyo guda sha ɗaya da ban iya ceto su ba," in ji Injiniya a hankali. "Ki gafarce ni."

"Kun ji ko?" Yaya ya matso. "Wa ya lalata su in ba kai ba? Faɗa mana yadda aka yi."

Auta ta zuba wa Injiniya ido tana roƙonsa a zuci ya kare kansa, ya ƙi.

"Ni ne," in ji Abba.

Muryar Umma ta ci gaba da tashi daga talabijin.

"Kullum in kin tafi makaranta nakan zauna in kalle ta. Ban so ki sani, kada ki ga ubanki ya kasa haƙuri. Ranar da fitilar ta yi ja, na ɗauko wuƙa na kwance shi, na zaro fayafayan, na mayar ba yadda suke ba. Wayata ta tambaye ni ko a gyara, na danna e. Ashe sharewa ya fara." Ya goge ido da bayan hannu. "Akwatin yana rubuta duk abin da aka yi masa, har da wayar da ta yi. Tun satin farko yaron nan ya sani. Tsoron bakinsa ya sa na ƙi shi. Na je na roƙe shi ya ce miki tsufa ne ya kashe na'urar, ya ce ba zai miki ƙarya ba, ba kuma zai tona ni ba."

Yaya ya tuna yana da wani uzuri, ya fice.

Auta ta durƙusa gaban Abba ta riƙe hannunsa. Sai da ta nutsu ta juya.

"Injiniyana, na zarge ka. Ka yafe mini."

"Da ba ki zarge ni ba, da na raina wayonki, Mai Akwati."

Abba ya yi murmushi, ya ce masa, "Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za ta tafi, Abba ya dafa kawunansu, ita da Injiniya, ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya sa su riƙe amanar juna, Ya ba su zuri'a mai jin ƙai. Auta ta ce za ta riƙa zuwa duk Asabar, su kalli Umma tare.

"Ki zo da wuri," Abba ya ce. "Na gaji da kallonta ni kaɗai."