Sunan da Ruwa Bai Sani Ba

Daro na je wankewa a bakin kogi, ba wani abu ba. Na gama ƙyafe kifi bayan la'asar, daron duk ƙarni. Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma tun da na fita takaba nake jan ƙafa a mashigi, don gidan ya yi mini faɗi.

Na tarar da baƙi daga Yamai, 'yan talabijin. Wani shiri suke yi, suna bin garuruwa suna tono asalin sunayensu. An zo kan namu, Masitu. Labarin kowa ya san shi. Wata mata ce kwale-kwalen mijinta ya dawo ba kowa a ciki. Kwana bakwai tana tsayawa a mashigin nan tana kiransa. A na bakwai, da faɗuwar rana, aka kira ta daga ruwa. Tsofaffi suka yi ta ihu da Zabarmanci, "Ma si tu!", wato kada ki amsa. Ta amsa. Zanenta kawai aka tsinta. Har yau ba a kiran sunan mamaci a bakin ruwanmu, in kuma an kira ka daga can, ba ka amsawa.

Yarinyar da suka kawo ta fito a matsayin matar nan, muryarta kamar ta ɗan tsako. Shugabarsu, wata siririya mai suna Mintu, ta dafe kai.

"Rana za ta faɗi mana! Duk garin nan ba mai murya?"

Gambi maƙwabciyata ta nuno ni da baki. "Ga Hamsatu nan. In ta ɗaga tallan kifi, har dorinar tsallake sai ta taya."

"Ke dai Gambi bakinki tsohon taru ne," na ce, "ba abin da yake riƙewa."

Mintu ta kama hannuna. "Inna, don Allah. Baya kawai za ki ba mu, ki fuskanci ruwa, ki kira suna sau uku. Kowane suna."

Dariyar Gambi ta ɗauke. Ta matso kusa da kunnena. "Na mai rai za ki kira. Kira na tsohona, ga shi can yana gyangyaɗi a gindin mangwaro."

Na ce to.

Na tsaya inda ruwa yake taɓa yatsun ƙafa. Rana ta yi ja a kan tsibiri. Kwaɗi sun fara. Ruwa yana lasar cikin kwale-kwale, cak, cak. Ƙamshin ɗanyar ciyawar burgu ya cika hanci.

Shekara talatin da ɗaya na zauna da maigidana, ban taɓa faɗin sunansa ba. Mace ba ta faɗi. Kuma ba a ruwa ya mutu ba, a kan tabarmarsa ya cika, aka kai shi busasshiyar ƙasa bayan gari. Me kogi ya sani game da shi? So nake kawai in ji yadda sunan yake a bakina, sau ɗaya.

"Nyandu!"

Na ji Gambi ta yi salati a bayana.

"Nyandu!"

Na ukun da kuka ya fita.

Kwaɗin suka yi tsit, kamar an rufe musu ƙofa.

Sai tari. Gajere, sau biyu, irin wanda yake yi kafin ya shigo gida. Daga cikin burgu ya fito, can inda ba tudu, ba jirgi.

Ƙarnin kogin ya gushe. Warin tabarsa na ji, da na man da yake shafa wa gwiwa.

"Kin daɗe," in ji shi, a hankali. "Tun yaushe nake jira."

Ban san na taka ba. Na dai ji sanyi a ƙauri, sannan a cinya. Zane ya yi nauyi. A bayana ana hayaniya, amma kamar daga wani gari.

"Gidan ya yi miki faɗi, ko?"

Ruwa ya kai ƙirji.

"Hamsatu."

Bakina ya buɗe. "Na'am" ta zo har kan harshe.

Sai na tsaya.

Hamsatu sunan mahaifiyarsa ne. Tun ranar da aka kai ni gidansu bai taɓa iya faɗinsa ba, ko da faɗa muke yi. Wani suna ya raɗa mini, na tsokana, kuma sai mun shiga ɗaki yake kirana da shi.

Hamsatu kuwa, kullum mata suna kwaɗa mini shi a mashigi. A nan aka tsince shi.

Na ciji harshe har na ji gishirin jini.

"Hamsatu?"

Na ƙara datse haƙora.

"Hamsa?" Muryar ta matso. "Uwargida? Mai kifi?"

Ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gwada makullai a ƙofar da ba tasa ba.

Wani abu mai santsi ya zagaye idon sawuna. Bai ja ba. Jira yake.

Na ja ƙafa baya. Ya bi. Na sake ja.

"Faɗa mini," ya ce, kuma yanzu muryar ta jiƙe, tana ɓulɓul. "Me nake ce miki?"

Hannu ya damƙi bayan zanena. Gambi ce, ruwa har wuyanta, ita da ba ta iya iyo ba. Tana ja tana zagina, tana kuka. Muka zube a taɓo. Kwaɗi suka ci gaba.

Bayan wata biyu aka nuna shirin. Gari ya taru a shagon mai shayi. An ga bayan wata mata, ta yi kira sau uku, ta shiga ruwa. Ba tari, ba murya. Mutanen Yamai, an ce, sun yaba da yadda na iya wasa.

Mintu ta dawo da buhun shinkafa da haƙuri. Gambi ta riga ta ba ta labari, tsohon taru.

"Inna, to wane suna yake kiranki? Don mu ƙarasa labarin."

Na ce ta sha furarta.

Yanzu a rijiya nake wanke daro. Sunan nan ba mai rai da ya san shi sai ni, kuma ba zan sake jin sa a bakin kowa ba. Ko a zuci ba na faɗinsa in iska ta taso daga kogi. Don na san kaina. Ranar da ruwan nan ya koye shi, ko Gambi goma ne a bayana, sai na amsa.