Tsinken Gwajin da Ba Nata Ba

Ranar Lahadi Doris ta zauna ita kaɗai a bencin baya na majami'a, inda ake ajiye waɗanda ikilisiya ta sa ƙarƙashin horo. Tana jin 'yan kwaya na rera waƙar da ita ta koya musu, hawaye na ɗiga a kan Littafi Mai Tsarki da ke cinyarta. Yau ne ya kamata a yi sanarwar aurenta da Terhide ta ƙarshe, sai ga shi sunanta aka kira a wata sanarwar dabam.

Marainiya ce, a hannun matar kawunta, Mama Lami, ta tashi a Bukan Sidi. Matar ita ce shugabar Zumuntar Mata, kuma in ana maganar iya addu'a a bainar jama'a, ba ta da na biyu. A gida kuwa ko sannu Doris ba ta samu. Ita ce ta tsinci tsinken gwajin ciki a ɗakin da 'yarta Lami ke kwana tare da Doris, ko tambaya ba ta yi ba ta naɗe shi a leda sai gaban dattawan ikilisiya. Da Doris ta roƙi a kai ta asibiti a gwada, matar ta ce, "Gwajin me? Ai ta riga ta zubar."

Doris ta san mai tsinken. Lami ta riƙe ƙafarta tana kuka, ta ce, "Sista, in Momi ta ji, kemis zan je in cire shi." Saboda ran jaririn nan Doris ta ja bakinta ta yi shiru, ta sa Lami ta yi alkawarin barin cikin. Aka hana ta jibin Ubangiji, aka karɓe rigar kwaya, iyaye suka janye yaransu daga ɗinkin da take koyarwa. Mutanen Terhide suka aiko daga garinsu Obi cewa a dakata...

Terhide ya same ta a shagon ɗinkinta da yamma, idonsa ja. "Doris, tun da muka fara soyayya ban taɓa ki ba, Allah ne shaida. Ki gaya mini, waye?"

"Babu kowa. Alkawarin da muka yi wa Ubangiji yana nan. Fiye da haka ba zan iya faɗa ba."

Ya ce zai jira. Da ya tafi ta durƙusa bayan keken ɗinki ta ce, "Ya Yesu, kai ka san ni. Ka ba ni ƙarfi kawai."

Damina ta wuce, ciki kuwa ba ya neman izinin kowa kafin ya fito. Ana tsakiyar sujada Lami ta miƙe cikin babbar riga. "Tsinken nan nawa ne. Sista Doris ta rufa mini asiri ne don kada in kashe ɗana. Momi ma ta gane tun tuni, ta ce in yi shiru."

 Mama Lami ta buɗe baki, addu'ar ma ta ƙi zuwa. A ranar dattawa suka sauke ta daga shugabanci, suka sa ta ƙarƙashin horo saboda shaidar zur, mijinta ya fita bai ko dube ta ba.

Aka ɗage wa Doris horo, mutanen Terhide suka dawo aka sa rana. Ranar auren, Doris ta shigo da farar riga da lulluɓi, mata na share hawaye da bakin zane. Fasto ya yi tambayar da aka saba, "Wa ke ba da wannan mace aure?" Kawunta kunya ta hana shi zuwa. Babu wanda ya taso, har Doris ta sunkuyar da kai, maraicinta ya dawo mata sabo.

Sai tsohon dattijon da ya karanta hukuncinta da bakinsa ya dogara sandarsa ya taso a hankali. Ya kama hannunta.

"Ni ne," ya ce. "In 'yata ta yafe mini."

Doris ta ɗago ta dube shi. "Baba, tun a ranar na yafe."