Rawanin Harisu

Kun ga Abdullatif ya naɗa rawanin ƙanensa Harisu ranar sadakar uku, kuka sunkuyar da kai. Kun san wanda ya aika wa Harisu furar da ta kashe shi, ana saura kwana biyu a naɗa shi dagacin garinmu. Ni ma na yi shiru, sai jiya.

Ina dawowa daga Kankiya a kan babur ɗina bayan isha'i, wani mutum cikin fararen kaya ya tsayar da ni a hanyar Kusada. Ya hau, amma babur bai ƙara nauyi ba. Ƙanshin kafur ya cika mini hanci.

"Ina za ka, malam?"

"Gida. Yaya ya ari abina, har yau bai maido ba."

"Me ya ara?"

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Haba Modibbo. Kai da ka riƙe mani madubi ranar da Baba ya ba ni shi?"

Na waiga. Kansa a naɗe yake, amma da likkafani.

Juma'a za a naɗa Abdullatif. Ku da kuka wanke gawar, kuka ga yadda guba ta baƙanta harshensa, Harisu ya san ƙofar kowannenku. Ku tashi ku je gaban hakimi ku faɗa, yau.