Shara a Ɗakin Eriya

Da mijinta ya rasu, kamfanin da ya yi wa aiki suka tausaya mata suka ba ta aikin shara. Wurin gwajin kayan lantarki ne. Akwai wani ɗaki marar taga, bango da rufi duk soso ne mai tsini, ga wata eriya a tsakiya kamar ƙashin kifi. Kafin injiniya ya kunna ta, sai ya tsaya bakin ƙofa ya yi kira, don ya ce ba a barin mai rai a ciki in tana aiki.

Ran nan bayan isha'i tana sharar gindin eriyar, sai ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko ruwa ba a shiga da shi ɗakin. Ta ɗago. Wani mutum ne tsaye can lungu cikin rigar ma'aikata, ya ba ta baya. A kan soson yake tsaye, amma soson bai lotsa ba.

"Malam, ka fita, yanzu za a kunna," ta ce.

"Uwar yara," in ji shi, bai juyo ba, "har yaushe zan yi ta jiranki?"

Mutum ɗaya ne ya taɓa kiranta haka. Tsintsiyar ta suɓuce mata.

Can ta jiyo injiniya daga bakin ƙofa: "Mama, kin fito?"

Ta ƙwala ihu, soson ya shanye muryar. Sai ta ji an amsa daga waje, da muryarta sak, har da 'yar dariyarta:

"Tun ɗazu, ɗana. Rufe abinka."