Sunan da Amarya Ba Ta Faɗa

"Wa kika ce shi ne angon?"

Malama Yusra ce ta tambaya, lasifika na hannunta, tsakar gidan bikin nan na Kalgo ta cika maƙil da mata.

Hafiza ta taɓe baki. "Yayana mana, Zayyanu. Au, ba a gaya miki ba?"

Ina fa aka gaya mata! Da gangan Hafizar ta yi shiru, don ta ga yadda mai koya wa mutane soyayya za ta yi da tata.

Amarya Rahamatu ba ta da laifi. Ɗalibar Yusra ce a makarantar 'yan mata a Gwandu, ita ta zo har aji tana sunne kai, ta roƙi Malama ta yi nasiha a walimarta. Ina amarya ina faɗin sunan ango? "Shi" kawai ta yi ta cewa. Yusra ba ta matsa ba, don ita ma ta san wannan kunyar. Tun ranar da iyayen Zayyanu suka kawo gaisuwa gidan su Yusra, bakinta bai sake kama sunansa ba.

Sai gwajin jini ya nuna ita da Zayyanu dukkansu suna ɗauke da sikila. Ita da ke yawo makarantu da gidajen biki tana roƙon masoya su yi gwaji, ita da ciwon ya ɗauke wa ƙane a kan cinyarta! Innarsa ta ce a fasa. Yusra ta riga ta faɗa.

Wayarta ta yi ƙara. Ta raɓe bayan rumbu.

"Hasken raina..." Zayyanu ne. "Yanzu na ji kina gidan. Sai gobe za a ɗaura. Ki ce in fasa, wallahi in fasa!"

"In ka fasa, jinin namu zai sake?"

"Mu zauna ko ba haihuwa..."

"Kai da ke tsayawa a hanya ka ɗauki ɗan kowa? Ba ni iya yi maka wanga zalunci."

"Yusra, har yau ke ɗai..."

"Ka riƙe mini ita amana. Yarinyar kirki ce."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a jikin rumbun ta yi kuka mai cin rai. Sannan ta share fuska da gefen hijabi ta koma.

Ta yi magana a kan haƙuri da tausayi har tsofaffi na share ƙwalla. Hafiza ta sunkuyar da kai.

Daga ƙarshe Yusra ta ɗaga hannu.

"Allah ya sanya albarka tsakanin Rahamatu da... Zayyanu."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Ta kira sunan gatsal a gaban jama'a, kuma ba wadda ta ga rashin kunyarta. Ai ba mijinta ba ne.