Taken da Gambo Ya Ƙi Kaɗawa

"Sauke ƙafar nan ƙasa in gani."

Armaya'u ya yi dariya, ya ƙara jingina da darnin gidan su Tasalla. "Haba farin cikina, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa. Sauke ta."

Bai sauke ba. Tasalla ta durƙusa ta ɗage bakin wandonsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya fara zuwa zance wurinta. Sama da idon sawu an ɗaure da tsumma, a ƙarƙashinsa ga tsinke an naɗe masa wani abu fari kamar zare. Kurkunu ne ya fito da kai. Duk mai shan ruwan tafki a ƙasar Safana ya san shi. A hankali ake naɗe shi kullum har ya fita. In ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani ma ba ya sake takawa daidai.

"Da wannan za ka shiga gayya gobe?"

"Mutanen Zakka za su zo da gwaninsu Jinjiri. Wa garinmu Babban Duhu ke da shi in ba ni ba?"

"Ka ce ba ka da lafiya."

"A ce tsoro na ji? Ko Babana bai sani ba. Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

"Ba zan rantse ba."

"Tasalla..."

"Gwanina, in ka kwanta ba Babban Duhu ce za ta yi jinyarka ba. Guɗa za su yi su watse."

"In Baba Gambo ya kaɗa takena zan shiga, ko da rarrafe ne."

Ya juya ya tafi yana ɓoye ɗingishi. Wannan ba jarumta ba ce, wauta ce, amma samari ba su cika bambance su ba.

Gambo, mahaifin Tasalla, makaɗin noma ne a zamanin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato. Kowane gwanin garma yana da takensa a gangar Gambo, kuma wanda aka kaɗa wa take ba ya zama, sai ya shiga gona ya yi ta huɗa har ganga ta yi shiru. Gayyar gobe ta gandun Sarkin Noma ce, har daga Batsari mutane ke shirin zuwa don su ga Armaya'u da Jinjiri kafaɗa da kafaɗa. Makaɗin da ya hana taro abin da ya zo gani, ba a sake kiransa.

Da safe Tasalla ta sami mahaifinta yana gasa fatar ganga a bakin wuta don ta ɗame. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ya gajiya, ta ƙi tashi.

"Akwai magana?"

"Baba... Armaya'u, ɗan gidan Baba Sule. Kada ka kaɗa masa take yau."

Gambo ya juya gangar. "Kin ji abin da bakinki ya faɗa?"

"Kurkunu ne gare shi. Na gani da idona."

"Yaushe kika fara duba ƙafafun maza?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba don huɗa mutane za su cika gonar nan ba, 'yar nan. In na ƙi, a ce na tsufa, ko a ce Zakkawa sun saye ni. Geron da kike dakawa, gangar nan ce ta kawo shi."

"Na sani, Baba."

"To?"

"Ko ya gurgunce shi zan aura. Amma ban san da wane ido zan riƙa kallon gangar nan ba."

Gambo ya miƙe. Ya rataya gangarsa, ya ɗauki gula ya fita.

Kafin hantsi gandu ya cika. 'Yan mata sun jere da ƙoren fura da farau-farau, tsofaffi sun samu inuwar tsamiya, Zakkawa sun iso garma a kafaɗa suna waƙa. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi, gero ya kai gwiwa.

Gambo ya buga ganga, sai kowa ya ji ta a ƙirjinsa. Ya fara da taken ƙananan samari, suka zuba cikin gona suna ihu. Sannan ya sauko kan na Jinjiri. Ƙaton ya daka tsalle, ya yi kirari har jijiyar wuyansa ta fito, ya kafa garma. Ƙasa na tashi dama da hagu, shi yana gaba kamar ana tura shi. Matan Zakka suka rangaɗa guɗa.

Nan take idanu suka koma kan Armaya'u. Yana tsaye a bakin gona da garmarsa, ya naɗe ƙafafunsa biyu da tsumma kamar mai gudun ƙaya.

"Gambo, saura namu," in ji mutanen Babban Duhu.

Gambo ya kaɗa na wani.

"Ko ka manta shi ne?"

"Ku ba tsohon nan fura ya farka," in ji wani Bazakke, aka tuntsire da dariya.

Wata tsohuwa mai suna Ma'u ta miƙe tana kaɗa sanda. "Ni daga Batsari na tako da gwiwoyin nan. Ba don in ga yara suna tonon gyaɗa ba."

Tasalla na riƙe da ƙwarya, ruwa na zuba a zanenta ba ta sani ba. Armaya'u ya dube ta, ya dubi Gambo, ya gane. Fuskarsa ta ɗaure. Ya ɗaga garma ya nufi gona, da take ko babu.

Sai ganga ta canza murya.

Wani kiɗa ne mai nauyi, mai ja da baya, wanda babu saurayin da ya taɓa jin sa. Amma a ƙarƙashin tsamiya tsofaffi suka daina hira. Malam Sule, mahaifin Armaya'u, wanda ya ajiye garma tun ɗansa na goye, ya tsaya da taunar goro. Gambo ya tako har gabansa yana kiɗa, ya buɗe murya:

"Sule na Mero, mai kwana da garma,
ƙasa ta yi kewar tafinka,
in ka zauna, wa zai tashi?"

Tsohon ya miƙe. Ya tuɓe rigarsa yana tafiya, ya jefa wa ɗansa a fuska, ya fizge garmar daga hannunsa.

"Riƙe mini."

"Baba..."

"Kurma ne kai? Takena ake kaɗawa."

Ɗa ba ya tseren huɗa da ubansa. Armaya'u ya tsaya cik da riga a hannu.

Malam Sule ya tofa miyau a tafi, ya kafa garma kusa da Jinjiri, gandu ya kaure da sowa. Ma'u ta yar da sanda tana rawa. Tsofaffin Zakka suka ce ba su yarda ba, su ma suna da take, Gambo kuwa bai manta ko ɗaya ba. Ya riƙa tono su ɗaya bayan ɗaya, masu furfura na ƙwace garemanin 'ya'yansu, matansu suna yi musu guɗa da muryoyin da suka shaƙe. Jinjiri ya yi ta waiwaye yana dariya, ya rasa ko ya wuce su ko ya jira su. Kafin azahar an gama huɗa. Sarkin Noma ya tuɓe rigarsa ya yafa wa Gambo a gaban kowa.

Taro ba ya sanin abin da yake so, abin da ya saba kawai yake nema da ihu. Makaɗin da ke bin ihu bawa ne. Na kirki shi ne mai cika wa mutane ciki ba tare da ya yanka musu ɗan wani ba.

Tasalla ta kai wa Armaya'u farau-farau. Bai karɓa ba.

"Kin tona ni."

"Na tona."

"Ko nadama ba ki yi?"

"Ko kaɗan. Sha, gwanina, leɓenka ya bushe."

Ya harare ta, ya karɓa ya sha.

Sai ga Malam Sule yana haki, ya dafa kafaɗar Gambo, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Gambo, so kake ka kashe ni? Ga ƙato a tsaye, ka tsallake shi ka taso tsoho?"

"A gidanku kai kaɗai na gani mai ƙafa biyu."

Malam Sule ya dubi ɗansa. "Kwance tsumman nan."

Armaya'u ya kwance. Tsohon ya sunkuya ya ga tsinken da farin zaren, lafiya lau, bai tsinke ba. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Wawa. Da wannan za ka bi Jinjiri?" Ya juya ga Gambo. "Kai wa ya gaya maka?"

Gambo ya nuna 'yarsa da gula. Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɓuya a bayan mahaifinta.

"To," in ji Malam Sule, yana karɓar rigarsa. "Yarinyar da ta san abin da ke ƙafar ɗana, ni da muke kwana gida ɗaya ban sani ba, ba za ta sake damina a gidanka ba. Da an yanke gero zan turo 'yan'uwana."

Ma'u ce ta fara guɗar.