Fili Na Arba'in Da Ɗaya

Ranar wata Laraba a 1996, magariba ta kawo jiki ɗana Muhsin bai dawo ba. Na ɗauki mayafi cike da fushi na nufi ofishin Alhaji Kaumi mai awon filaye, inda yaron yake aikin kwamfuta.

Muhsin ne ya tsara wa kwamfutar yadda za ta riƙa rajistar filaye. A baƙin allo zai buga lambar fili, ya bi ta da kalma ɗaya cikin uku da ya jera mata: GIDA, GONA ko KANGO. In ba su ba, ba ta karɓa. Tun da ya ce min za su sa filin tsohuwar rijiya na hanyar Danchuwa, mai lamba 41, a KANGO don a sayar, na ce kul. Wurin da masu shi, mutanen ɓoye. Dariya ya yi.

Da na isa, babu wuta a layin. Amma allon na haske.

Ɗakin na warin laka, irin ta ƙasan rijiya. Muhsin na zaune, ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa. Ɗis. Ɗis.

"Inna," ya ce a hankali, "hannuna ya ƙi tashi."

Na matsa na haɗa baƙaƙen. 41 KANGO. Ina kallo kalmar ta goge kanta, harafi bayan harafi.

"Sa wata mana!"

"Na sa GIDA, sun goge. Na sa GONA, sun goge. Saura kuma na'urar ba ta sani ba."

A bayana na ji ana jan guga. Igiya na gurzar bakin rijiya.

Ruwa ya rufe min idon sawu. Sanyi ƙalau.

"Wa ya rubuta jerin, don ubanka?"

"Ni."

"To buɗe shi ka ƙara ta huɗu, mai kunnen ƙashi!"

Na kama Ayatul Kursiyyu. Da hannun hagu ya buɗe jerin. Leɓensa ya yi fari.

"Me zan sa?"

"NASU."

Ya ƙara. Ya buga 41 NASU.

Igiyar ta tsaya.

Na fizgo shi waje, takalmina ɗaya a ciki.

Alhaji Kaumi ya zo har gida yana faɗa an hana shi ciniki. Ta bayan labule na ce ya je ya goge NASU ɗin da nasa hannun. Bai goge ba.

Muhsin ya yi jinya ya tashi, alhamdulillahi. Amma hannun daman nan bai ƙara ɗumi ba. Da shi yake gaishe ni kullum, kuma har yau ban huce ba.